Fitar haƙorin jariri da dare: abin da ake sayarwa da abin da ake yi a Ingila

Assalamu alaikum iyayenmu mata da 'yan'uwa na gida. Kun sha tambayar wane magani ake ba jariri a nan idan haƙori ya hana shi barci, har wasu na cewa a aiko musu da kwalba. Gaskiyar magana, a Ingila babu wata kwalba da likita zai miƙo ya ce ga maganin haƙori. Kantunan magani cike suke da kaya, amma shawarar hukumar lafiya ta NHS tana farawa ne da abin da ba a saye: yatsa mai tsabta da sanyi.

Yawancin jarirai suna fara haƙori wajen wata 6, wasu kafin wata 4, wasu sai sun haura shekara. Na gaba biyu na ƙasa ke fara ɓullowa, sai na sama, turamen farko kuma tsakanin wata 12 zuwa 16, kuma su ne suka fi wahalar da yaro saboda faɗinsu. Alamun ba sa ɓuya: dasashi ya yi ja ya kumbura, miyau na dalala, kunci ɗaya ya yi ja, yaro na cizon duk abin da ya kama yana murza kunne. Da dare abin ya fi tsanani domin babu wasan da zai ɗauke masa hankali, ga gajiya.

Idan ya farka yana kuka, a wanke hannu, a sa yatsa a kan wurin da ya kumbura a riƙa dannawa a hankali ana murzawa na minti ɗaya ko biyu. Sau da yawa za a ji tsinin haƙorin a ƙarƙashin fata, kuma yaron da kansa zai datse yatsan, don dannawar tana kashe masa ƙaiƙayin. Kada a kunna babbar fitila, kada a tayar masa da wasa. A share miyau daga haɓa da wuya, a shafa ɗan Vaseline don hana kurji, a canja riga idan ta jiƙe.

Cikin kayan kanti, zoben roba na cizo shi ne ya cancanci kuɗinsa. A zaɓi mai ƙwari wanda aka yi shi dunƙule guda, domin mai ruwa a ciki yana iya fashewa idan haƙora sun fito. A firji ake sa shi, ba a firiza ba: wanda ya daskare yana raunata dasashi. Ba a ɗaura shi a wuyan yaro da zare. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka sanyaya yana yin aiki iri ɗaya. Sarƙar duwatsun amba kuwa, wadda ake tallata wa iyaye a intanet, a guje ta kwata-kwata. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta a 2018 saboda tana shaƙe wuya, ƙwayoyinta kuma suna tsinkewa su toshe maƙogwaro.

Man shafawa a dasashi mai ɗauke da lidocaine, sinadarin da ke kashe zafi a wurin da aka shafa, ya daina zama abin da ake ɗauka kai tsaye a kowane shago. A ƙarshen 2018 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yanke cewa duk mai ɗauke da lidocaine sai a kantin magani, ta hannun mai harhaɗa magunguna, kuma sai bayan an gwada murzawa da zoben cizo ba su wadatar ba. Miyau yana wanke shi cikin ɗan lokaci, uwa ta ga kuka bai tsaya ba ta ƙara, yaron kuma yana haɗiyewa. Akwai tarko a nan: man shafawa a baki mai suna Bonjela na manya yana da choline salicylate, dangin asfirin, kuma an hana shi ga duk wanda bai kai shekara 16 ba. Sunan da ke kan kwalin ya yi kama da na yara, don haka a karanta shekarun da aka rubuta. Garin da ake zubawa a baki cikin 'yan ƙunshi ma ana sayar da shi, sai dai babu ƙwaƙƙwarar hujjar amfaninsa.

Idan zafin ya yi yawa, abin da ake bayarwa shi ne farasitamol na ruwa marar sukari, irin su Calpol na jarirai, mai ƙarfin miligiram 120 a cikin mililita 5. Ɗan wata 3 zuwa 6 yana shan mililita 2.5, ɗan wata 6 zuwa shekara 2 mililita 5. A bar aƙalla awa 4 tsakani, kuma kada ya wuce sau 4 cikin awa 24. Sirinjin awo yana cikin kwalin. A tura maganin kaɗan-kaɗan ta gefen kunci, ba tsakiyar maƙogwaro ba. Cokalin shayi ba ma'auni ba ne. Kuma kwalabe ba ƙarfinsu ɗaya ba: na 'yan shekara 6 zuwa sama miligiram 250 ne a mililita 5, sama da ninki biyu. Saboda haka wanda yake riƙe da wata kwalba dabam a gida ya bi abin da ke rubuce a jikinta. Cikin magagin barci uwa kan ba da magani, uba ya tashi bayan awa ɗaya ya sake bayarwa, shi ya sa ake rubuta lokacin a takarda kusa da kwalbar. Ibuprofen ma ana bayarwa daga wata 3 idan yaro ya haura kilo 5, amma ban da mai ƙarambau ko mai gudawa da amai.

Haɗe-haɗen ruwan magani mai sa barci da sunan haƙori ba a ba jariri a nan. Mu kuwa mun fi kowa sanin illarsa, tunda maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, da ya gurɓata da sinadari mai guba diethylene glycol, ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009.

Babban bambancin da muke so ku riƙe shi ne, ma'aikatan lafiya a nan ba sa yarda a ɗora wa haƙori laifin kowace cuta. Haƙori na iya ɗumama jiki, amma bai kai digiri 38 ba. Zafin da ya kai nan, ko gudawa, ko amai, ko ƙin nono, wata cuta ce da ta zo daidai lokacin, domin a wannan tsakanin ne yaro ke kai komai baki. Ana auna zafin da ma'aunin zafi da ake sawa a hammata. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 da zafinsa ya kai 38, ko ɗan wata 3 zuwa 6 da nasa ya kai 39, a daren ake neman likita. Lambar 111 kyauta ce dare da rana, za a yi wa uwa tambayoyi a gaya mata inda za ta nufa. Idan numfashi ya yi wuya ko yaro ya ƙi farkawa, 999 ake kira. Inda babu irin wannan waya, ma'aunin zafi da saurin zuwa asibiti su ne madadinta.

Bayan ya lafa, a mayar da shi gadonsa a rigingine, babu filo, babu zoben cizo a ciki. Ana jan kunne sosai kan yin barci da jariri a kan kushin, wanda shi ne abin da ke faruwa da iyayen da suka kwana jijjiga. Ba a shafa zuma a dasashin wanda bai shekara ba, biskit ɗin cizo kuma kusan duk da sukari a ciki. Da zarar haƙorin farko ya leƙo ake fara goge shi safe da dare da ƙaramin burushi da ɗan lakacen man goge baki mai fuloraid, a kai yaron wurin likitan haƙori, wanda duba yara 'yan ƙasa da shekara 18 a ƙarƙashin NHS kyauta ne.