Garanti da matsalar da waya ke fitowa da ita daga kamfani: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja da niyyar sayen babbar waya, zaɓi uku ne a gabansa: sabuwa dal a kwali daga dila mai izinin kamfani, ko sabuwa da aka shigo da ita daga Dubai ko Indiya, ko kuma wadda aka yi amfani da ita a waje, wadda 'yan kasuwa ke kira London. Yawancin masu saye farashi da kyamara suke kwatantawa, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa zai ɗauki nauyin gyara idan wayar ta lalace ba tare da ta faɗi ko ta shiga ruwa ba.

Irin wannan lalacewa ba baƙon abu ba ce. Apple ya amince cewa wasu iPhone 11 da aka ƙera tsakanin Nuwamban 2019 da Mayun 2020 sikirinsu na daina amsa taɓawa, kuma ya sauya su kyauta. Haka kuma wasu iPhone 12 da 12 Pro sun riƙa ɗauke murya yayin kira, har kamfanin ya tsawaita wa'adin gyaransu zuwa shekara uku. A 2024 Google ya yi irin wannan ga Pixel 8, saboda layin da ke tsayawa a sikirin daga sama har ƙasa. Koren layin da ke bayyana wa mutum a sikirin da safe, wayar tana nan inda ya ajiye ta, shi ya sa OnePlus ya ba da garantin sikirin na dindindin a 2023, amma ga masu saye a Indiya.

Wannan sharaɗi na ƙasar da aka sayi waya shi ne abin da ke cutar mai saye a nan. Tsawaita garanti alheri ne, sai dai ba ya amfanar wanda ba shi da cibiyar gyara a kusa. Google ba ya sayar da Pixel a hukumance a Najeriya, don haka duk kyawun alkawarin, mai wayar zai ƙare ne a teburin mai gyara yana biyan kuɗin sikirin daga aljihunsa. Sabuwar wayar da aka shigo da ita daga wata kasuwa takan fi araha kaɗan, amma sau da yawa garantinta yana can inda aka yi niyyar sayar da ita.

Wayar London ta fi kowacce haɗari, domin wa'adin yana ƙirguwa ne daga ranar da mai ita na farko ya saya, kuma idan an taɓa buɗe ta aka saka mata sikirin ko batir da ba na asali ba, kamfani na iya ƙin karɓarta. Kafin a biya, a danna *#06# a gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar da za ta fito, da ta jikin kwali idan akwai shi, a ƙure hasken sikirin a kan farin shafi a duba layi ko tabo, sannan a kira wani a saurari murya.

A ganina, ga mai matsakaicin ƙarfi, sabuwar Tecno, Infinix ko itel mai rasit, waɗanda Carlcare, cibiyar gyaran kamfaninsu, ke gyarawa a manyan biranenmu, ta fi babbar waya mai suna wadda ba ta da mai tsaya mata. Wanda kuma ya nace sai Samsung ko iPhone, to ya saya daga dila mai izini, ya tambayi tsawon garantin, ya sa a rubuta masa lambar IMEI a jikin rasit, sannan ya adana rasit ɗin tare da kwalin.