Kore, ruwan toka ko mai launi: wanne ne kamannin Game Boy na asali?

Wani ɗan'uwa daga Marwa ya tambaya: ya buɗe tsohon wasan Game Boy (na'urar wasa ce ta riƙewa a hannu) a wayarsa ya fito kore, abokinsa ya buɗe wasan nan dai ya fito ruwan toka, na uku kuma har da ja da shuɗi. Wanne ne na gaskiya?

Malam, duka ukun suna da asali, na'urorinsu ne daban.

Kasetin Game Boy na farko, wanda Nintendo ta fitar a 1989, babu launi ko ɗaya a cikinsa. Kowane ɗigo lamba ce tsakanin 0 da 3, daga haske zuwa duhu, shi ke nan. Gilashin na'urar ne ke rina su. Na farkon nan kore ne mai ɗan rawaya, kamar miyar kukar da ruwa ya yi wa yawa, kuma babu fitila a bayansa. Na yayana a nan Garwa ƙarƙashin darbejiya muke buga shi, kana karkata shi har hasken ya sauka daidai. Da magariba ta yi an tashi wasa. Game Boy Pocket na 1996 matakai huɗun nan dai yake nunawa, amma a ruwan toka, kuma hoton ba ya jan inuwa sosai idan abu ya motsa. A ganina toka ya fi fitar da zane. Koren dai ya fi tuno da yarinta, ba wani abu ba.

Ja da shuɗin kuwa aikin Game Boy Color ne na 1998. Idan ka sa masa tsohon kaset, shi zai shafa wa matakai huɗun launi daga cikin jerin da aka ajiye masa, har kana iya sauyawa idan ka danne maɓallin kibiya tare da maɓallin A ko B lokacin kunnawa. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ka ga daji ya koma ruwan hoda.

Wasan da aka yi domin Color ɗin kansa wani zance ne. Yana da launi 32,768 da za a zaɓa daga ciki, amma a ƙa'ida 56 ne ke fitowa lokaci guda, kuma kowane ɗan mutum-mutumi uku kawai yake samu. Shi ya sa riga da takalmi sukan zo iri ɗaya. Ka jera wasan Link's Awakening na 1993 da bugunsa mai launi, DX, na 1998: taswira ɗaya ce, amma a na farko ruwa da ciyawa sai ta ɗige-ɗigen zane ake bambanta su, a na biyu kallo ɗaya ya wadatar.

Inda waya ke yaudarar mutane shi ne nan. Gilashin Color da na Game Boy Advance na 2001 duk ba su da fitila, launi a kansu dushi-dushi yake fitowa. Don haka masu zane da yawa suka riƙa ƙara masa ƙarfi da haske. Ka ɗora wannan a gilashin wayar yau, sai ja ya koma kamar sabuwar atamfar salla. Game Gear, na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Sega, ba ta sha wannan ba, tana da fitila tun 1990, launi 32 daga cikin 4,096, sai dai batir shida take cinyewa cikin 'yan sa'o'i.

Saboda haka ka shiga saitin manhajar da kake buɗe wasan da ita a waya. Tsohon kaset, zaɓi toka idan idonka na gajiya, kore idan kewa ce. Na Color da Advance, kunna gyaran launi, sannan ka rage hasken wayar kaɗan.