Kifin ado daga Legas zuwa Kano: abin da na gani bayan oda biyu

Akwatin gilashin da ke falona tsawonsa santimita 120 ne, faɗi 50, tsayi 50, wato yana cin ruwa lita 300. Cikin hunturun bara na kafa shi. Na zuba yashi, na jera itace da duwatsu, na dasa tsirrai, na kunna filta mai tace ruwa, sannan na bar shi babu kifi har mako biyar, don ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar kashin kifi su samu wurin zama. Uwargida har ta fara yi mini tsiya wai lambu na noma a cikin ruwa. Da lokaci ya yi, wani abokin aikina ya haɗa ni da mai sayar da kifin ado a Legas, muka yi ciniki ta WhatsApp. Sau biyu na sayi kifi a hannunsa.

Wajen ɗaurin kaya, gaskiya sai sam barka. Kowane nau'i da ledarsa riɓi biyu, ruwa kaɗan a ƙasa, sauran an cika da iskar shaƙa an ɗaure tamau da roba, an jera su cikin kwalin soso an cusa tsofaffin jaridu a tsakani. Ya kuma hana su abinci kafin tafiya don kada su ɓata ruwan ledar. Kayan sun kwana a hanya, na je tasha da hantsi na karɓa hannun direba gabana na faɗuwa. Da na buɗe, cikin kifi sama da arba'in ɗaya tak na tarar ya mutu. Na aika masa hoto, bai yi musu ba, ya ce zai cike mini a oda ta gaba, kuma ya cika.

Inda muka saɓa da shi wajen shawara ne. Na ce masa ina son kifi masu launi da za su zauna tare cikin tsirrai, ya zaɓa mini. Ya turo bidiyo, ya ce, "Alhaji, duk waɗannan suna zaman lafiya da juna." Ya haɗo mini neon tetra 20, guppy goma, tiger barb shida, angelfish huɗu ƙanana, da pleco guda wai mai share gilashi. Bai tambaye ni zafin garinmu ba, bai tambayi irin ruwan da nake amfani da shi ba. Ni ma ban tambayi komai ba, ido ne ya yi mini ciniki.

Makon farko falon ya zama gidan kallo. Neon ɗin nan da layinsu shuɗi mai ƙyalli suna yawo a tare kamar an ja su da zare. Amma tiger barb kyan ɗan maciji ne. Jiki ruwan zinariya da baƙaƙen zane huɗu, ga sauri, ga kuzari, sai dai cizon jela ne sana'arsa. Kafin kwana goma jelar mazan guppy ta koma kamar tsumma. Sai suka koma kan dogayen fikafikan angelfish. Su kuma angelfish da na ji tausayinsu, ashe nasu na tafe. Kifin kogin Amazon ne, kuma a can ƙananan kifi irin neon abincinsu ne. Da suka yi wata huɗu suka fara girma, sai ƙidayata ta daina cika. Wata safiya na kunna fitila na ga ɗaya a kusurwa, jelar neon tana leƙowa daga bakinsa. Pleco kuwa kullum dare sai ya tumɓuke mini tsirrai, kuma daga baya na gano irinsa kan wuce santimita 30. Mai saida kifi da ya san aikinsa bai kamata ya haɗa waɗannan a kwali ɗaya ya kira shi zaman lafiya ba.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san Afrilun Kano ya san ba a wasa da ita. Ma'aunin da na liƙa a gilashi ya nuna zafin ruwan ya kai digiri 31, alhali neon ya fi son ruwan da bai wuce 26 ba. Ruwan zafi kuma ba ya riƙe iska sosai, to ga shi an ɗauke wuta, filta ta tsaya. Na dawo daga aiki na tarar da kifin sun taru a sama suna haki. Neon da suka tsira daga bakin angelfish, zafi ya ƙarasa su ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar na haɗa filta da famfon iska da inbata, na kuma sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, wadda kan rage zafin da maki biyu ko uku, illa dai ruwa na saurin ƙafewa, sai an riƙa ƙari.

Na raba barb da angelfish da pleco ga masu so. A oda ta biyu ni na rubuta jerina da kaina, kuma da ma'aunin zafi na fara, launi ya biyo baya.

A maimakon neon na ɗauki cardinal tetra 20. Sun yi kama ƙwarai, sai dai jan cardinal ya bi cikinsa tun daga kai har jela, na neon kuwa rabi ne, kuma cardinal ya fi jure ɗumi. Ya fi tsada, kuma yana son ruwa mai laushi, wato wanda ba shi da yawan ma'adinai, don haka nake surka ruwan burtsatsenmu da ruwan sama da na tara a duro. Na ƙara harlequin rasbora 12, masu launin tagulla da baƙin tambari mai kusurwa uku a gefe. Ba su da rigima ko kaɗan. A ƙasa na sa corydoras sterbai takwas, masu ɗigo-ɗigo, suna yini suna tonon yashi da 'yan gashin bakinsu kamar ƙananan tarwaɗa. Su ma na zaɓe su ne saboda sun fi 'yan uwansu jure zafi. Sai Congo tetra takwas a tsakiya, waɗanda in hasken fitila ya bugi mazansu sai ka ga shuɗi da ruwan goro suna canzawa a jiki ɗaya. Sukan ɗan tsinki ganye mai taushi, amma ba sa kula tsirran anubias da Java fern.

Wanda ya sace zuciyar gidan duka shi ne kribensis, kuma shi ne mafi araha a jerin. Mai sayarwar har ya yi mamakin na nema, ya ce yawancin masu saye kifin waje suke so. To ashe kifin gida ne, asalinsa ƙoramun kudancin Najeriya da gaɓar Kamaru, Turawa suna kiwonsa shekara da shekaru, mu muna nan muna neman na Amazon. Haka ma anubias ɗin da na ɗaure a jikin itace, tsiron Afirka ta Yamma ne. Na sayi kribensis ɗin mace da namiji, na kifa musu rabin ɓawon kwakwa da na fasa wa ƙofa. Macen ƙarama ce, amma in tana son jan hankalin namijin sai cikinta ya yi ja jawur kamar an shafa mata lalle, ta lanƙwashe jiki tana karkarwa a gabansa. Bayan damina ta shige ɓawon ta daina fitowa kusan mako guda, har na ɗauka ta mutu. Ran nan ƙaramar 'yata ta ƙwala kira, "Baba, zo ka ga 'ya'ya!" Ga ta nan ta fito da garke a ƙarƙashinta, uban na gadi a baya. A wannan lokacin suna da zafin rai, duk corydoras ɗin da ya matso sai an kore shi. A akwati mai lita 300 da tsirrai masu duhu abin bai wuce kora ba, amma a ƙaramin akwati ban ba kowa shawarar haɗa su ba.

Kifin oda ta biyu ma lafiya suka iso. Duk da haka na tsare su mako biyu a wani ƙaramin akwati kafin na zuba su, kuma gara da na yi, don fararen ɗigo sun fito wa cardinal uku, na yi musu magani a can ba tare da cutar ta shiga babban ba.

Zan sake saye a wurinsa, don kifinsa masu lafiya ne, ɗaurinsa ba kamarsa, kuma yana ɗaga waya ko bayan ya karɓi kuɗi. Amma duk wanda na tura wurinsa sai na ce ya je da jerinsa a rubuce, kada ya ce a zaɓa masa. Yanzu ma ni ke bin sa da tayi: 'ya'yan kribensis sun kusa talatin, na tambaye shi ko zai karɓa mu yi musaya da abincin kifi, ya ce in bari su ƙara girma tukuna.