Saukar da baƙi a gida ko yi musu rakiya?

Tun da rikicin Boko Haram ya taɓa jihar Diffa a 2015, mutane ke gangarowa Damagaram, ga kuma 'yan Kantche da Matameye da ake korowa daga Aljeriya ta Assamaka. Ana yawan tambayata: in zan taimaka, in sauke su a gidana ne, ko in ba da lokacina?

Saukar da baƙo akwai lada, akwai nauyi. Tiyar hatsi takan ƙare da wuri, amma abin da ya fi cizo a garin nan ruwa ne. Na taɓa sauke wata mata da 'ya'ya uku a ɗakin zaure. Da rani jarkar da ke kai mu yamma ba ta wuce azahar, kullum mai ɗakina na leƙen 'yan garuwa. Ka sanar da mai unguwa, kuma ku tsayar da wa'adi tun ranar farko, don cewa "ku tashi" daga baya da wuya.

Rakiya ba ta cin aljihu sai kuɗin kabu-kabu. Ka kai mara lafiya likita, ka yi tafinta, ka sa yaro lakwal, ka bi layin takardar haihuwa. Ƙafa ce ke shan wuya. Amfaninta kuwa yana daɗewa.

Mai ɗaki a banza da iyali masu haƙuri, ya sauke. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke jin Faransanci ko Barbarci, rakiya ta fi masa.