Sharhi Kan OpendTect Wajen Gano Tsagar Duwatsu a Bayanan Saismik

Na shafe kusan wata uku ina aiki da manhajar OpendTect ta kamfanin dGB Earth Sciences da ke ƙasar Holan, kuma abin da ya kai ni gare ta shi ne gajiya da bin tsagar duwatsu da hannu, layi bayan layi, har ido ya dushe, a cikin bayanan saismik, wato amsa-kuwwar sautin da ake aikawa ƙarƙashin ƙasa don a ga hoton shimfiɗun duwatsu. Tsagar da nake nufi ita ce inda shimfiɗun duwatsun ƙarƙashin ƙasa suka karye, ɓangare ɗaya ya goce daga ɗan'uwansa. Mai neman ɗanyen mai ba ya wasa da ita, domin wata tsagar katanga ce da ke tare mai ya taru wuri ɗaya, wata kuwa kafa ce da ya bi ya tsiyaye tun shekaru miliyoyi da suka shuɗe.

Na yi gwajina a kan bayanan yankin F3 na Tekun Arewa, waɗanda aka ɗauka a 1987 kuma aka sake su ga masu koyo da bincike. Na fara da ma'aunin kamanni, wanda ke kwatanta kowane zaren amsa-kuwwa, wato amsa-kuwwar da aka ɗauka a wuri ɗaya daga sama zuwa ƙasa, da maƙwabtansa, duk inda suka saɓa sai ya bar baƙin layi. Da na yanka bayanan a kwance a saman tulin gishirin Zechstein da ke binne a ƙarƙashin tekun, sai ga tsagogin da na sha wuya kafin in hango su a yankan tsaye sun bayyana a fili, kamar zanen da ke fitowa a busasshen laka. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aunin yiwuwar tsaga, wanda aka gina a kan aikin da masanin saismik Dave Hale ya wallafa a 2013. Yana gwada kusurwa da fuskoki daban-daban a kowane ɗigo, ya ba shi maki tsakanin 0 da 1, sannan ya siranta sakamakon ya zama fili ɗaya mai kaifi. Aikin da na saba yi cikin mako guda na gama zubinsa na farko a yini biyu.

Sai dai wajibi ne mai amfani da irin wannan hanya ya san cewa yankewar amsa-kuwwa take aunawa, kuma ba kowace yankewa ce tsaga ba. Gefen tsohon kwarin kogi yana ba da baƙin layi, haka ma wurin da iskar gas ta ratsa sama ta dagula sauti. Wani dare na zana wani miƙaƙƙen layi ina murna, washegari da na duba sai na ga ya bi daidai hanyar da jirgin ruwan ɗaukar bayanai ya bi, kuma babu shimfiɗa ko ɗaya da ta goce a gefensa. Kuskuren nawa ne, saboda ban koma yankan tsaye na tabbatar ba kafin in zana.

Akwai kuma iyakar da sauti kansa ya gindaya. Idan yana tafiya mita 2,000 a daƙiƙa, yana kuma kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa mita 50 ne, kuma gocewar da ta gaza rubu'in haka, wato kusan mita 12, da wuya a rarrabe ta, alhali tana iya raba ma'ajiyar ɗanyen mai kashi biyu.

Ina ba ɗalibai da ma'aikatan wannan fanni shawarar su gwada OpendTect. Yanzu nakan tace hayaniya tukuna, in bar manhajar ta fitar da zubin farko, sannan in bi kowace tsaga a yankan tsaye aƙalla uku kafin in sa ta cikin taswira.