Hattara da masu sayar da tsohon faifan saba da sunan sabo

'Yan'uwa masu gyaran kwamfuta da masu kula da saba (server, babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai) a ofisoshi, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi.

Kwanan baya faifai ɗaya cikin huɗu ya mutu a sabar wata makaranta da nake kula da ita, inda sakamakon ɗalibai da bayanan kuɗin makaranta suke. Cikin gaggawa na faɗa hannun wani mai talla a WhatsApp. Ya ce Seagate Exos ne, sabo dal a leda, farashin kuma ya yi sauƙi. Da na fara tambayarsa ko zai dace da na'urarmu sai ya katse ni: "Oga, kar ka damu, kowace saba tana ɗauka." Tun daga nan ya kamata in ja da baya. SATA da SAS nau'in mahaɗin faifai ne guda biyu, kuma saba mai mazaunin SATA zalla ba ta karɓar faifan SAS, bakinsa ma ba zai shiga ba. Akwai kuma faifan da aka ciro daga manyan rumbunan ajiya mai sashe na bayit 520 maimakon 512, wanda katin RAID (mai haɗa faifai da yawa su yi aiki tare) zai ƙi shi sai an sake tsara shi. Ga masu rubutun SMR (salon da layukan bayanai ke hawa kan juna), irin wanda aka gano a faifan WD Red a 2020, da ke jan ƙafa ko su fice ana tsakiyar sake gina RAID. Duk mai cewa kowane faifai ya yi, ko bai san sana'ar ba ko kuɗinka kawai yake hange.

Kaya ya iso, leda a rufe, takardar jiki tsaf. Na duba SMART, wato lissafin lafiya da awoyin aiki da faifai ke ajiyewa a cikinsa, awoyin aiki sifili. Har na ji daɗi. Sai da na ɗaga shi a hasken taga na ga 'yan ƙuje-ƙuje a ramukan kusa, alamar an taɓa ɗaure shi a tire. Gabana ya faɗi.

Wannan damfara ba a nan ta fara ba. A farkon 2025 kafar heise ta Jamus ta bankaɗo yadda ake goge lissafin SMART na tsofaffin faifan Seagate, a sake liƙa musu takarda, a sayar a matsayin sababbi. Ana zargin da yawansu daga wuraren haƙar kuɗin intanet na Chia a China suka fito, kamfanin Seagate kuma ya ce ba shi ya sayar wa dillalai su ba. Abin da ya tona asirin shi ne wani lissafi na biyu da ke cikin faifan mai suna FARM. Manhajar smartmontools, daga 7.4 zuwa sama, tana karanta shi da umarnin smartctl -l farm. Da na gwada namu, ya nuna ya yi aiki sama da shekara uku. Shekara guda awa 8,760 ce, ku lissafa irin wahalar da ya sha kafin ya zo hannuna. Da a ce na zura shi aka fara sake gina RAID ya mutu a hanya, wani kuma ya biyo shi, da bayanan yaran mutane sun salwanta, kuma ni za a riƙe.

Na kira mutumin, ya ce shi ma haka aka kawo masa. Washegari ya toshe lambata.

Ba na ƙin kayan gwanjo, ni ma ina saye idan an gaya mini gaskiya an yi mini farashinsa. Amma kafin ku biya, ku nemi hoton takardar jikin faifan, ku sa lambarsa a shafin garanti na kamfanin da ya ƙera shi, ku kwatanta samfurin da jerin faifan da sabarku ke karɓa. Ku kuma yi yarjejeniya a rubuce cewa idan awoyin FARM suka saɓa da na SMART, kaya zai koma kuɗi ya dawo. Sabarmu dai sai da ta kwana tara a kan faifai uku kafin na samu na ƙwarai, da kuɗin aljihuna.