Bindiga mai ƙyastu a Amurka: ta kanti, ta haɗa-da-kanka, ko ta hannun maƙeri?

Wanda ya saba jin amon adaka a hawan Sallah ba zai yi baƙunta da bindigar da wasu mafarautan Amurka ke riƙe da ita har yau ba. Ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma, dutsen ƙanƙara ne ke ƙyasta wutar. Maƙeran da suka taso daga Jamus suka zauna a yankin Lancaster na jihar Pennsylvania, su suka fito da doguwar ƙirarta a shekarun 1700. Jihar kuwa har gobe tana ware wa masu irinta lokacin farauta nasu na kansu bayan Kirsimeti.

Mafi sauƙin kuɗi ita ce ta kamfani, irin su Traditions da ake ƙerawa a Sifaniya, ko Pedersoli ta Italiya. Yau ka biya, yau ka ɗauka. Amma gwada ƙyastun kafin komai, domin a masu arha nan ne ake yawan rage aiki. In ƙarfen da ƙanƙara ke sara bai sha wuta yadda ya kamata ba, tartsatsin zai fito kaɗan, ka ja kunama ka ji ƙas, dabba ta yi gaba. Mutane da yawa sun yi fushi da wannan farauta saboda haka, alhali laifin na ƙarfe ne.

Akwai kuma wadda ake aiko maka gunduwa-gunduwa ka haɗa. Kibler na jihar Ohio da Jim Chambers na North Carolina sun yi suna a nan, ƙyastunsu kuma abin yabo ne. In kana da haƙurin goge katako da shafa masa mai, a ganina nan kuɗinka zai fi yi maka aiki.

Ta maƙeri fa? Dubban daloli ce, jira kuma yakan kai shekara ko fiye. Abin da kake saye shi ne awo, kamar ɗinkin tela. Zai auna daga kafaɗarka zuwa yatsan da ke jan kunama, ya duba inda kuncinka ke sauka a katako, yadda da ka ɗaga ta idonka zai faɗa kan saiti ba sai ka murɗe wuya ba. Bahago ma a nan ya fi samun biyan buƙata, don a mayar masa da kaskon albarushi ɗaya gefen, wuta ta daina tashi dab da fuskarsa. Ka nemi bututun da ya yi kauri a gindi, ya tsuke a tsakiya, ya ɗan buɗe a baki. Nauyinsa ba ya rinjayar hannu. Zanen fure da azurfa suna da kyau, ina son su, amma su zo a ƙarshen lissafi. Tambaye shi ƙyastun wa zai sa, Siler ko L&R, bututun kuma na Rice ne ko Colerain, sannan ya bar ka ka harba wata da ya ƙera a baya.

Faɗin baki, da ake aunawa da inci, ya danganta da abin farautarka: .32 zuwa .40 na kurege da zomo, .45 zuwa .54 na barewa. Pennsylvania ba ta yarda da ƙasa da .44 ba a kan barewa, saboda haka duba dokar jiharka tun kafin ka ba da kafin alƙalami.

Ko wacce ka zaɓa, baƙin albarushi na asali take ci, kamar Goex ko Swiss. Pyrodex, wanda ake sa wa a madadin baƙin albarushi, ba ya kamawa da kyau da tartsatsi, albarushin harsashin zamani kuwa fasa bututun zai yi a hannunka. Binciki inda za ka riƙa samun na asalin a kusa da kai, don ba kowane kanti ke ajiye shi ba. Ranar da ka harba, a ranar za ka wanke bututun da ruwa, ka busar, ka sa mai, in ba haka ba tsatsa ta fara ci kafin gari ya waye.